Mai Faci da Shahonsa Mai Cin Rana

Kawuna mai faci ne a bakin babban titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke kuka duk sanda iska ta taso. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin ba taya iska, rabin duro na ruwa da yake neman huji a ciki, ƙarafunan ɓare taya, sai tulin tsofaffin tubu. Gajere ne mai tumbi, kuma bai iya son abu kaɗan ba. In ya so abu, sai duk unguwa ta ji a jikinta.

Wata rana wani direban tirela ya tsaya faci, ya sauko da kwali a hannu. A ciki akwai shaho, wanda ya bugi gilashin motar ya karya fiffike. Kawu ya leƙa, shahon ya galla masa harara, shi ke nan zance ya ƙare. Ya ɗaure fiffiken da ɗan kara da zaren roba, ya raɗa masa suna Ranka-ya-daɗe, ya kai shi gida.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta watsa wa baƙon hatsi. Ko kallo bai ishe shi ba. Sai da tarko ya kama ɓera a ɗakin girki, Ranka-ya-daɗe ya haɗiye shi har wutsiya, Kawu ya yi ta tafi kamar an yi masa haihuwa. Ya bi gida gida yana ɗana tarko har ɓerayen layinmu suka ƙare. Daga nan ya ƙera keji da waya, ya shiga kiwon ɓera.

"Malam," in ji Inna, "mutane na kiwon tumaki, kai ka ɗauko ɓarayi ka ba su ɗaki?"

Ɓerayen kuwa ci suke kamar gara. Buhun masara ya shiga, ya fito fanko. Kawu ya share bayan rumfarsa ya shuka masara, yana ba ta ruwan duron faci. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: buhu guda ya ƙare, amma in ya ɗaga shahon, nauyinsa bai fi na takalmi ba.

Ranar nan wata malamar kimiyya ta turo babur ɗinta da ƙusa a taya. Yana ɓare tayar yana kai mata ƙara, wai ana yi masa sata a keji.

Ta yi dariya. "Baba, ba mai yi maka sata. Masara ce ke kama hasken rana ta mai da shi abinci. Ɓera ya ci, amma yawancin ƙarfin yana ƙonewa a guje-guje da numfashi da ɗumin jiki, wani ya fita ta baya. Abin da ke zama tsoka bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma ba. Shaho ya ci ɓeran, shi ma haka. Shi ya sa ciyawa ta cika duniya, ɓeraye suka biyo baya, shaho kuwa sai ka ɗaga kai ka yi ta nema."

Kawu ya saki ƙarfen hannunsa. "Wato kashi tara ya tafi a kashi da tsalle-tsalle?"

"Kusan haka."

Ya fito daga rumfa, ya kare ido da hannu ya dubi sama. "Ashe rana nake ba shi! Jama'a, shahona rana yake ci!" Ya bar tubun malama yana iyo a duro, ya zagaya rumfar yana rawa, tumbi na gaba yana biye.

Tun daga ranar ba wanda ya huta. Ka kawo faci, sai ya tare ka: "Me ka ci yau? Naman akuya? To ita akuyar me ta ci? Ciyawa? Ciyawar fa?" Ba zai ba tayarka iska ba sai ka nuna sama da yatsa. Direbobi suka laƙaba masa Wa-ya-ci-wa, yana amsawa da murna.

A gida ne wayon ya juye masa. Ya gama kwararo wa Inna bayani, ta ajiye ludayi.

"Madalla. Tunda a kowane baki kashi tara ke zubewa, mu ci masararmu da bakinmu. Ba sai ta bi ta cikin ɓera ba."

Ta kwashe masarar ta kai niƙa, ta aro kyanwar ƙanwarta ta zaunar da ita a bakin kejin. Kawu ya buɗe baki zai yi musu, ya ga lissafinsa ne aka doke shi da shi, ya fashe da dariya har da hawaye.

Allah ya taimaka, lokacin fiffiken ya warke. Da hantsi Kawu ya hau kan katanga riƙe da shahon, mu duka muna tsakar gida, ya kwance robar ya ɗaga hannu. Ranka-ya-daɗe ya tashi, ya yi kewaye biyu a sama, ya sauko kamar jifa cikin gidan maƙwabciya, ya yi sama da ɗan tsako.

"Ya iya! Wallahi ya iya da kansa!" in ji Kawu, yana ihu.

Maƙwabciyar ta fito da muciya. Kawu ya diro daga katanga, takalmi ɗaya a ƙafa, ya miƙe layi a guje, yana waiwaye yana tambayarta ko dawa take ba kajin nata ko dusa.