Abin da Ya Faɗa a Kasuwar Manoma

A damunar da na yi ɓari, ni da maigidana muka koma zaman kurame. Ba faɗa muka yi ba. Da ma faɗan ne, da na san bakin zaren. Zai fita da safe zuwa manyan shagunan tufafi na Guangyuan, a nan ƙasar Sinawa, ya yini yana haɗa wa mutanen Kano kayan da za a cika kwantena, ya dawo ya ce, "Sannu da gida," in ce, "Sannu da zuwa," shi ke nan kasuwa ta tashi. Cikinmu na farko ne. Tun ranar da muka dawo daga asibiti bai ƙara ambatarsa ba, kamar wani kwali ne ya ɓace a hanya aka bar wa Allah.

Ni kuwa ina can saman bene a gidan hayarmu na Dengfeng, in na leƙa taga ba abin da nake gani sai bango da shanyar mutane. Babu uwa, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za ta shigo ta ce ya jiki. Na riga na yanke shawara: Kano zan koma, ko da hakan ne zai zama farkon rabuwarmu. Abin da ya rage kawai in buɗe baki in gaya masa.

Sai wata Asabar ya ce in shirya za mu fita. Wani abokinsa ɗan Gana mai aikin tura kaya ne ya ba shi labarin wata kasuwa a bayan gari, inda manoma ke kawo amfanin gona lokacin zafi, wai can yake kai matarsa shan iska. Saura kaɗan in yi dariya. Mutumin da tun aurenmu shi ke cefane, ko tattasai bai taɓa bari na saya ba, yau shi ne zai kai ni kasuwa yawon shaƙatawa. Na yafa mayafi ina cewa a raina, to, a can zan gaya masa, cikin mutane, inda ba zan iya kuka ba.

Mun isa da hantsi, zafi mai gumi ya riga ya manna mini riga a baya. Rumfuna ne a jere, ƙasa duk laka saboda ruwan da aka kwana ana yi. Ga masara ɗanya, ga gyaɗa da ƙasar gona a jikinta, ga kuɓewa dogaye, ga alayyafo ja. Ko'ina ka juya tulin lici ne, wannan jan ɗan itacen mai kaushin ɓawo, cikinsa fari mai zaƙi, an tsinko shi da ganyensa. Tsofaffin Sinawa, miji da mata, suna tafe kafaɗa da kafaɗa, kwando ɗaya a tsakaninsu, suna gardama a kan kabewa. Na tsaya kallonsu har na ji haushinsu.

Maigidana ɗan gidan malamai ne daga cikin birni. A gidansu namiji ba ya jerawa da matarsa a hanya. Shi a gaba, ke a baya, kuma ba ya waiwaye, don waiwayen mace a bainar jama'a rashin kunya ne. Ya haye teku da wannan tafiya bai zubar da ko kaɗan ba. Haka muka shiga kasuwar da aka ce ta shan iska ce, shi yana tsaga mutane da farar shaddarsa, ni ina bin ƙeyarsa.

A wata rumfa na hangi ganyen da ya tsayar da ni cak. Na tsuguna na tsinki ɗaya, na murza a yatsa, sai ga yauƙi. Lalo ne. Ban taɓa zaton mutanen nan sun san shi ba. Mai rumfar, wata tsohuwa da malfa, ta yi murmushi ta ce wani abu da ban gane ba, ta ɓare lici ta miƙo mini. Na ce, "Sheshe," na gode ke nan, ita ce kusan duk Sinancin da na iya. Sai na tuna mahaifiyata ta shanya lalo da kuka ta ɗaure, tana jiran a ce na sauka ta ba ɗan aike.

Da na ɗago, farar shaddar ta yi nisa. Ina iya bin sa in cim masa, amma zuciya ta ce zauna, bari mu ga yaushe zai san babu kowa a bayansa. Na zauna a kan kwandon da tsohuwar ta kife mini. Na ga hularsa ta wuce masu kankana, ta wuce masu kifi, ta ɓace. Duk taku ɗaya da ya ƙara, ni a wurina hujja ce.

Ya daɗe kafin ya dawo. Da sauri ya zo, laka har gwiwar wandonsa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Tun yaushe kika tsaya a nan?" ya tambaye ni.

"Tun ɗazu."

"Tun kafin masu kankana?"

Na ce masa e. Ya kalli ganyen da ke hannuna.

"Duk maganar da nake yi, ba ki ji ba ke nan."

Sai a lokacin na gane abin da ya kawo mu kasuwar. Mutumin nan ba zai iya kallon idona ya yi wannan magana ba, ko a ɗaki ko a waje. Sai da ya samu hanya mai tsawo da hayaniya, ya juya mini baya, sannan bakinsa ya buɗe. Abin da na yi wata da watanni ina jira, ya amayar da shi ga masu kifi da ba sa jin Hausa.

"Me ka ce? Don Allah maimaita mini."

Tsohuwar tana kallonmu. Ya ciro waya ya biya kuɗin lalon, ko tayi bai yi ba, shi da ko allura ba ya saye sai ya nemi ragi.

"Ba komai," in ji shi. "Na san gida kike so. Zan nema miki tikiti."

Maganar da na taho da ita ke nan, ga shi ya ɗauke mini nauyinta, amma ban ji sauƙin komai ba. Ban sani ba ko ita ce ya faɗa wa iska, ko kuwa roƙona ya yi in zauna, da bai ji amsa ba ya ɗauka shirun nan amsa ce. Girman kai ya hana ni cewa a'a. Na ce, "To."

Ya karɓi ledar ya wuce gaba. Na bi shi dab da dab, har ina take masa dunduniyar takalmi, na kasa kunne a bayansa tun daga rumfar tsohuwar har tashar jirgin ƙasa. Bai sake cewa komai ba.