Wani Abokina Ne Ya Ce In Tambaya

Ranar da likita a Kano ya ce sai an yi wa Baba aiki a maƙogwaro, kuma da wuya murya ta dawo bayan aikin, tun a mota na fara kuka. Shi kuwa ko a jikinsa. Sai da muka wuce Rano muka kama hanyar Kibiya sannan ya juyo ya ce, "Uwata, ke da kika karanta kwamfuta, ba za a iya zuba karatun nan a waya ba kafin su yanka ni?" Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma da sunan nan nake yin tsiwar da babu wanda ya isa ya yi a gidanmu.

Baba malamin zaure ne. Tun kafin a haife ni yake karantar da magidanta tsarki da sallah da azumi bayan la'asar. An ce aikin sai bayan kaka, don haka duk daminar nan nakan taso daga gidana a Rano in zo in kafa masa waya a gaba, yana karatu ina naɗa. Zakara ya shiga ciki, akuyar maƙwabta ta shiga, ruwa a kan kwano ma ya shiga. Na haɗa manhaja, na ɗora ta a kasuwar manhajoji inda masu waya ke saukewa. A wurin suna da bayani na jera manyan kalmomi son raina, ilimi, addini, wa'azi, karatu. Wallahi har wani ji da kai nake yi.

Buƙatar Baba guda ce, kuma ya faɗa mini ita tun farko. "Ɗalibaina sun riga sun ji. Ni dai mutum ɗaya nake so, wanda bai san ni ba, ban san shi ba, ya ji ya amfana. In na samu wannan, su ɗauke muryar."

Da labari ya bazu sai tsofaffin ɗalibai suka riƙa zuwa daga Fammar da Saji da Rurum. Kowa ya durƙusa sai ya ce, "Allah gafarta Malam, mun samu, muna ta saurara." Ni kuwa ina da shafin da ke nuna mini yawan waɗanda suka sauke, kuma na san su kaf. Ni ce, da maigidana, da wayar Inna mahaifiyata wadda da hannuna na sa mata. Wani dattijo daga Rurum har cewa ya yi da karatun yake kwana, alhali 'yar ƙaramar waya mai tocila ce a aljihunsa, wadda ko hoto ba ta ɗauka. Kai, na ƙulu! Yana fita na shiga zauren ina huci.

"Baba, ƙarya fa suke yi maka."

"Kara suke yi mini," ya ce. "Ai na ga wayar tasa. Zauna ki gaya mini abin da ya hana a same mu."

Na yi masa bayani. Mai waya yakan rubuta abin da yake nema, kasuwar kuma ta jero masa manhajojin da ke da wannan kalma a sunansu ko a bayaninsu. Na rubuta "wa'azi" a gabansa. Manyan manhajoji suka cika fuskar wayar, na yi ta ja ƙasa har babban yatsana ya gaji, tamu ko alamarta. Baba ya yi dariya ya ce, "Uwata, kwano ɗaya na dawa kika ɗauka kika kai kasuwar hatsi ta Dawanau."

To, sai neman wasu kalmomin. Kalma mai kyau abu biyu take so, a ce mutane na nemanta, kuma ba a yi mata rububi ba. Na ɗauka abin mai sauƙi ne, sai in tambayi ɗaliban me za su rubuta in suna neman karatu. Ina! Wannan ya gyara hula ya ce "ilimi mai amfani", wancan ya ce "tsoron Allah". Duk wanda ya ga 'yar Malam tsaye a kansa sai ya zaɓo abin da zai yi daɗin ji. Na dawo gida ina mita, na ce wa Inna mutanen nan za su kashe ni da ladabi.

Baba yana jina daga ɗakinsa. Washegari da aka tashi karatu ya kira ni, ya ce in leƙa ta ƙofar zaure in ga wani abu. Kowa ya watse sai wani magidanci, yana ta fama da igiyar da ya ɗaure buhu a bayan babur, igiyar da babu abin da ya same ta. Baba ya sa takalmi ya fita, mutumin ya tura babur, suka taka tare har gindin darbejiyar da ke bakin hanya. Sun ɗan jima a can kafin Baba ya dawo.

"Kin gani? Tambayar gaskiya a wurin rakiya ake yin ta," ya ce. "Babba da gemunsa ba zai buɗe baki cikin jama'a ya ce bai iya abu kaza ba. Sai ya jira in raka shi, sannan ya ce, Malam, dama wani abokina ne ya ce in tambaya masa. Ni kuma in ce, to, ka gaya wa abokin naka kaza da kaza. Tun ina saurayi nake amsa wa abokin nan, ban taɓa ganin fuskarsa ba." Ya nuna wayar hannuna. "Ita wannan akwai mai jin kunyarta?"

Babu. Abin da mutum ke raɗa wa malami a gindin darbejiya, shi yake rubuta wa waya in yana shi kaɗai. Na ce Baba ya jero mini tambayoyin. Ya yarda, da sharaɗin tambaya kawai zai ba ni, mai tambaya kuwa ko garinsu ba zan ji ba.

Sai kuma kunya ta zo kanmu. Na mantuwa a sallah da ramuwar azumi ya faɗa mini kai tsaye. Da aka zo kan wankan tsarki da abin da ya shafi ma'aurata sai ya yi gyaran murya ya tashi ya shige ɗakin Inna. Shi ya faɗa mata, ita ta fito tsakar gida da gefen mayafi a baki ta faɗa mini, tana kallon rumbu. "Ku dai Allah ya shirye ku, ke da uban naki," take cewa. "Da tsufana kun mai da ni 'yar aike." Amma ko sau ɗaya ba ta ƙi fitowa ba.

Kowace tambaya sai na gwada ta. In na fara rubuta "yadda ake wankan" sai kasuwar ta ƙarasa mini da kanta, alamar mutane da yawa sun riga ni rubutawa ke nan. Sannan in duba manhajojin da suka fito. In 'yan kaɗan ne, kuma babu mai Hausa sosai, sai in riƙe kalmar. "Kabli da ba'adi" ta tsaya, "wankan gawa" ta tsaya, "ramuwar sallah" ma haka. Wani babi da Baba ke ji da shi kuwa babu mai nemansa ko ɗaya, na yi ta tsokanarsa har ya ce in bar masa abinsa a ciki ko don shi. Na kuma gano ana neman "fassarar mafarki" kamar me, na ce mu saka ta ko za ta jawo mana jama'a. Nan ya ɗaure fuska. "Akwai ta a karatuna? To ba za mu kira mutum gidanmu da abin da babu shi ba." Na cire, ina gunaguni.

Na sake suna da bayani da kalmomin da suka tsaya. Baba kuma ya sake zama muka naɗi amsoshin, muryar ta dushe, yana yi yana kurɓar ruwan ɗumi. Kowace amsa da "To, ka gaya wa abokin naka" yake buɗe ta. Na ce wannan ba zai yi tsari a manhaja ba. Ya ce shi bai iya amsa irin wannan tambaya ta wata hanya ba.

Aka girbe dawa, aka yi aikin, murya ta tafi. Gidanmu ya yi shirun da har yau ban saba da shi ba. Baba ya koma magana da allo da tawada, yana rubutun ajami ina karantawa da ƙyar. Duk Juma'a in na zo sai in rubuta kalmomin nan a gabansa ya ga inda muke. Muna ta hawa a hankali, har ranar da muka fito a fuskar farko. Na nuna masa masu saukewa sun ƙaru ina murna, sai ya rubuta, "Ƙila ɗalibai ne." Abin ya yi mini ciwo, don ba ni da yadda zan tabbatar masa.

Wata Juma'a da hantsi na buɗe sai na ga wani ya bar sharhi a ƙarƙashin manhajar. Hausar tasa ba irin tamu ba ce, daga ji na nesa ne. Na zauna kusa da Baba a zaure na karanta masa.

"Salamu alaikum Malam. Ban san ka ba. Wani abokina ne ya ce in yi maka godiya. Ɗan'uwansa ya rasu a wurin da suke ci-rani, babu malami kusa, shi kuma da furfurarsa bai taɓa iya tambayar yadda ake wankan gawa ba. Da muryarka a gefensa ya yi masa."

Kafaɗun Baba suka fara rawa. Dariya yake yi babu sauti, hawaye na bin gemunsa, ni kuma na kasa ko ɗaga kai. Ya jawo allo, ya tsoma alƙalami, ya yi rubutu ya miƙo mini.

"Uwata, ki ce ina gaida abokin nasa."