Jifa Aka Ce

Shekarun farko da aka cire mu daga Sakkwato aka ba mu jiha, kunun tsamiya nake sayarwa a bakin tashar Jega, kusa da masu tsire. Wuni nake zaune ina kallon mutane. Na san direban da ke yin alwala da wanda ke jiƙa fuska kawai.

A lokacin akwai wani mawaƙi da direbobi da mahauta suka ɗauka suka ɗora a ka. Duk motar albasar da ta taso daga Aliero, muryarsa ce ke fita daga kaset. Idan ya shigo tasha da makaɗansa, har mai aski yana barin kai rabi ya zo kallo. A wurina kuwa mai sayen kunu ne. Kafin ya fara wasa sai ya zo ya tsuguna, ya ba jama'a baya, ya ciro ƙullin takarda daga cikin hularsa, ya zuba ƙwayoyi a ƙoƙona ya gauraya da yatsa. Da farko yana duba yawansu kafin ya zuba. Daga baya ya daina dubawa.

Na taɓa ce masa, "Malam, wanga abu kashe ka zai yi."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, maganin murya na. Ke dai ƙara tsamiya."

Ba don shi raina ke ɓaci ba. Ɗana na fari, magidanci da mata da 'ya'ya, lodin buhunan albasa yake yi a Aliero, kuma shi ma yana shan ƙwayar. Su a can maganin aiki suke ce mata. Idan na yi faɗa sai ya ce ai maigida ma na sha, ga shi nan garau. Maigida yake kiran mawaƙin, alhali ko sunansa mutumin bai sani ba.

Wata ranar kasuwa mawaƙin ya zo wurina, ya juye ƙullin duka a kunun. Da la'asar, a tsakiyar bikin mahauta, ana kiɗa ana yi masa liƙi, ya yanke jiki ya faɗi, kumfa na fita daga bakinsa. Kafin a samo mota ya cika. Na ɗauki ƙoƙon nan na taka shi ya fashe.

Na ce a raina, to yau kowa ya gani da idonsa. Ashe ban san mutanenmu ba. Gawa ba ta isa gida ba magana ta cika tasha: jifa ne. Wai wani abokin gasarsa daga wajen Maiyama ne ya aiko masa da asiri daga nesa. Wani mahauci ya rantse ya ga abu kamar allura ya wuce ta saman kalangu. Direbobin da su da kansu suke sawo masa ƙwayar, su ne kan gaba wajen rantsuwa.

Na riƙe baki. Don a cikin damanar da ta wuce, wani lebura daga Dangamaji ya mutu a bayan tashar nan, da irin wannan kumfa a baki. Babu wanda ya ambaci jifa. "Ɗan ƙwaya na, shi ya ja ma kai nai," abin da aka ce ke nan, kuma da ƙyar aka samu masu ɗaukar makara. Su ne dai waɗannan mutane, da bakunan nan nasu.

Ranar da na je gaisuwa na ga abin da har yau nake jin sa a ƙirji. A ƙofar gidan makokin, mai tallar magani ya jingina kekensa, samari sun kewaye shi. Na ji ɗaya na cewa, "Ba ni irin ta maigida." Na duba cikinsu, sai ga ɗana.

Na ja shi gefe. "Kai, a ƙoƙona ya sha ta. Da idona na gani."

"Inna, ki rufa mana asiri. Duk gari sun ce jifa na, ke kaɗai za ki ɓata mamaci?"

"Duk gari ne suka haife ka?"

Ya sunkuyar da kai, amma hannunsa na cikin aljihu, bai fito da shi ba.

Na faɗi maganar a cikin mata ma. Wata ta ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Wata ta ce a bincika ni, tunda a ƙoƙona ya sha na ƙarshe. Direbobi suka ɗauke ƙafa daga tukunyata har kakar ta wuce.

Lokacin cirar albasa aka kawo mini ɗana a bayan akori-kura. Ya faɗi a gindin mota da buhu a ka, haƙoransa sun datse, idanu sun juye. Yana numfashi. Gwaggonsa, ƙanwar mijina, ta riga ni buɗe baki.

"Jifa na. A kai shi Sarandosa, akwai mai karyawa." Sannan ta matso kunnena. "Yaya, bari a ce hakanan. 'Ya'ya mata gare shi. Wa za ya auri ɗiyan ɗan ƙwaya?"

Na dube ta. Da gaske take, kuma taimakona take son yi. Abin da ya fi razana ni ke nan. Hanyar Sarandosa a lokacin ba ta biyuwa da sauri, ga yaro na shure-shure, ita kuwa sunan gida take ceto.

Na ce da direban, "Asibiti."

Malamin asibitin ya tambaya me ya same shi. Ɗakin cike da dangi, da abokan lodinsa a bakin taga. Na cusa hannu a aljihun ɗana na ciro ƙullin, na ɗaga shi sama.

"Ƙwaya yake sha. Wagga. Ba wanda ya jefe shi."

Gwaggonsa ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita. Aka sa masa roba ta hanci aka wanke cikinsa, aka ɗaura masa ruwa. Malamin ya ce da mun ɓoye masa, da ta wani wajen zai fara nema.

Ya tashi. Bai ƙara ɗaukar buhu ba, hannunsa na dama na rawa har yau, kasa albasa yake yi a bakin hanya. An daɗe ana kiran 'ya'yansa da sunan da gwaggonsa ta ji wa tsoro, kuma shi kansa ya yi wata da watanni ba ya cin tuwona. Mawaƙin kuwa, je ka tashar Jega ka tambayi tsofaffin direbobi abin da ya kashe shi. Za su rage murya su nuna maka wajen Maiyama.

Yanzu ɗana yana gaishe ni kowace safiya kafin ya fita.