Takardar da Baba Ya Saya

Kwanan baya 'yata ta zo mini da lissafi a waya. Jikana ya samu shiga wata jami'ar kuɗi, irin wadda ba kowa take ɗauka ba, ita kuma tana so ta san ko kuɗin zai dawo. "Baba, ku da kuka yi irinta, an ci riba?" Na ce ta ba ni ruwa tukuna. Yaran yanzu, sai su jefo maka tambayar da ka yi shekara hamsin kana gudu, suna taunar cingam.

Babana mai goro ne a Zangon Kumasi. Daga ƙasar Tawa ya zo yana yaro, ya biyo fatake, bai sake komawa ba. Tonanci, yaren Asante, a bakinsa ya fi nawa daɗi. Ya auri mahaifiyata, Badagomba 'yar asalin ƙasar nan, ta rasu ina ƙarami, kuma ta wajenta na samu takardar zama ɗan ƙasa. Shi kuwa bai taɓa mallakar ko guntuwar takarda ba. Me zai yi da ita? Shi maigida ne. A Zango, maigida shi ne wanda baƙin fatake suke sauka gidansa, ya sayar musu da kaya, ya tsaya musu. In 'yan sanda suka kama baƙo, Baba zai sa babbar riga ya je ya ce, "Nawa ne," sai a sako mutum. Haka ya san duniya: kowa yana da wanda zai tsaya masa.

Da na ci jarrabawar wata jami'a a ƙetare, wadda ba ta gwamnati ba ce, kuɗinta ya sa abokan Baba suka riƙe baki. Ya sayar da filinsa na Buokrom. Shekara ta biyu ya sayar da rumfa ɗaya cikin biyu. Ba ya rubuto mini waɗannan, sai dai in ji a bakin mutane. Na dawo a daminar 1969 da takardar injiniyan ruwa mai tambarin zinariya, Baba ya sa kafinta ya yi mata gida na katako da gilashi, ya rataye a zaure inda kowa zai gani.

Wata huɗu ina yawon neman aiki, takalmina har ya buɗe baki. 'Yan zaure suka samu abin yi. Ina shigowa sai wani ya ce, "Injiniya, randar gidan nan ba ruwa fa!" a kwashe da dariya. Wani tsohon dillali ma ya ce wa Baba a gabana, da kuɗin nan huhun goro ya saya da yanzu ya yi mota biyu. Raina ya ɓaci har kunnena yana zafi. Baba ko a jikinsa. Ya ce ai goro ma sai an lulluɓe shi da ganye an jira kafin ya yi kuɗi, wanda ya ƙosa ya je ya sayar da tumatir.

Cikin azumi aka sanar a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Baba ya yi dariya, ya ce ai da baƙi ake. Kwana uku bayan haka aka kama maƙwabcinmu mahauci a kasuwa, mutumin da aka haifa a bayan masallacinmu. Daga ranar zauren ya yi tsit.

Da safe na tarar da Baba ya sa babbar rigar nan tasa, ya sauko da takardata daga bango, yana goge gilashin da hannun riga.

"Tashi mu je ofis," ya ce. "Shekara da shekaru ina tsaya wa mutane. Yau wannan za ta tsaya mini."

Na san ba haka abin yake ba. Wallahi na sani. Amma na bi shi a baya kamar rago.

Muka yi layi tun hantsi har bayan azahar, ga rana ga azumi. Akawun da muka samu saurayi ne, bai kai ni shekaru ba, kuma ba mugu ba ne. Baba ya ɗora masa gilashin a kan tebur, ya gaishe shi da Tonanci mai kyau. Akawun ya karanta, ya ɗago ya dube ni da girmamawa, ya ce lalle makarantar nan ba ta wasa ba ce. Sannan ya tambayi Baba fasfonsa.

"Ga shi nan gabanka," in ji Baba. "Ɗana ne. Ni na biya."

"Papa, sunansa ne a jiki, ba naka ba. Shi zai zauna. Kai sai ka kawo fasfon ƙasarku daga Ankara, babban birni."

"Wace ƙasar tamu?" Baba ya tambaya, kuma ba gatse yake ba.

Na tafi Ankara ni kaɗai, na kwana uku a bakin ƙofar ofishin jakadanci cikin taron da ba ka ganin ƙarshensa. Da na kai ga taga aka ce in kawo shaidar haihuwarsa. Mutumin da aka haifa a bukkar kara, wa ya rubuta? Na yi Turanci, na yi ɗan Faransancin da na tsinta, na ɗaga murya har aka ture ni gefe. Duk karatuna bai matsar da layin nan taku ɗaya ba. Na dawo na tarar Baba ya riga ya sayar da rumfar da ta rage a kuɗin banza, ya bar wa wani Batone, ɗan Asante, gidan da sharaɗin a bar mini ɗaki ɗaya.

Ranar tafiya na zo tasha da jakata. Babbar motar katako ce, an cika ta da mutane da tabarmi da tukwane. Baba ya dubi jakar, ya dube ni.

"Ina za ka?"

"Tare za mu tafi, Baba."

"Kai, ba ka da hankali? Fili da rumfa na zuba don ka zauna. In ka hau motar nan, to yau ne na yi asara. Mayar da jakar."

Sai na ga ashe ya taho da takardar a cikin rigarsa. Ya sassauta murya ya ce, "Wannan dai ka bar mini. Can ba wanda ya san ni. In nuna musu, su san ba hannu Rabbana na dawo ba."

Abu ɗaya ke nan da ya taɓa roƙona tun da aka haife ni. Ni kuwa, tir da ni, sai na ce, "Baba, za a neme ta wurin ɗaukar aiki."

Ya ce, "Gaskiyarka." Ya miƙo mini, ya kama igiya ya hau. Bai waiwayo ba, ni ma ban iya kiransa ba.

Bayan sabuwar shekara aka ɗauke ni aiki. Baturen da ya yi mini tambayoyi ya ji sunan makarantar kawai ya ce in fara ranar Litinin. Takardar tana hammatata a naɗe cikin zane, ba wanda ya ce in buɗe.

Albashina na farko ban taɓa ko kwabo ba. Na haɗa shi da takardar, da gilashinta da komai, na ba wani direban goro mai zuwa arewa ya kai wa Baba. Ya yi wajen wata biyu bai dawo ba. Ranar da ya dawo ya same ni a ɗakina, ya tsuguna, ya ajiye ƙullin a gabana yadda na ɗaure shi. Ya ce ya isa ƙauyen su Baba ya tarar an yi masa sadakar bakwai. Ya ce mutanen sun gaya masa tsohon kullum yana faɗin yana da ɗa injiniya a Kumasi, su kuma sun ɗauka ruɗin tsufa ne.

Daga baya na sami kuɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na gina gida, na je Makka, yarana duk sun yi karatu. Abin da Baba ya zuba ya dawo ninkin ba ninkin, sai dai ba hannunsa ya dawo ba.

Na sha ruwan da 'yata ta kawo, na ce ta biya wa yaron. Ta tambaye ni ina takardar tawa take, ba ta taɓa ganinta ba. Na ce tana ƙarƙashin gado, ban kwance ƙullin ba.