Kurar Habibu a Ƙofar Gayan

Da aka ce min ƙanena Habibu yana kiran kura a wani zaure a Ƙofar Gayan, dariya na yi. Zamanin soja ne, jita-jita ta fi shinkafa araha. Dariyar ta tsaya ranar da Baba ya rantse in gaskiya ne Habibu zai bar masa gida.

Bayan la'asar na je zauren. Ban gama sallama ba na ji muryar Habibu: "Ni na kira ta, ba inda za ta!"

Na leƙa. Mutum huɗu ne a tabarma, da takardu da ɗan lido mai ɗige-ɗige da ake jefawa. Wasan labari suke yi, kowa da jaruminsa, Malam Yohanna, wani malamin makaranta daga Wusasa, shi ne alƙali. Kurar ma a takarda aka zana ta.

Yohanna ya ce, "Yaya, raba mu. Doka ta ce dabbar da aka kira, jifan ɗan lido uku sai ta ɓace."

Habibu ya ce, "Ko loma ɗaya ba ta yi ba! A gidanku haka ake sallamar baƙo?"

Na ce, "Gaskiya a bar kura ta ci abinci tukuna."

Ashe maƙwabciya na jin mu ta katanga, ta baza maganata a unguwa. Baba ya ga kurar a takarda, ya haƙura, Habibu bai bar gida ba. Amma unguwa ta ɗauka ni ke ciyar da kurar, har yau ban wanke kaina ba.

Ko ku ma labarin ya iso muku? Na ƙarshe da ya tsegunta min shi, shekaranjiya, murya ƙasa-ƙasa, surukina ne, Alhaji Tanimu.