Ƙanƙarar da Ta Narke a Hanyar Babura

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka fara koya mana lissafin tafiyar zafi da kwamfuta. Lokacin na'urar ɗaki guda ta cika, ko taɓa ta ba ma yi. Sai ka huda katuna, ka miƙa ta taga, ka dawo jibi. Manhajar takan raba bangon abu gida-gida, ta nuna yadda zafi zai ratsa shi. Ka manta waƙafi ɗaya, aikinka ya tashi a banza. Wata uku na sha wahala kafin ta fara ba ni amsa mai ma'ana. Daga nan kaina ya kumbura.

Da bazara na zo gida Kazaure, na tarar ciwon bushiya ya shigo wa shanu ta bakin iyaka. Baffana, yayan mahaifina, yana da garke a bayan Babura. Wani malamin dabbobi ya samo allurar rigakafi, amma in ta ji zafi ta mutu. Abin da yake da shi akwatin katako ne mai auduga a jiki, sai ƙanƙara da babur. Ruga uku zai je, ta Baffa ce ta ƙarshe.

Na auna akwatin, na koma makaranta, na huda katunana. Na'ura ta ce awa tara ƙanƙarar za ta yi.

"Ni dai na fi son in yi sawu biyu," in ji malamin, da na kai masa takardar.

"Malam, ciwon ba zai jira mu ba. Wannan lissafin na'ura ne."

Ya ɗaure akwatin a bayan babur, muka tashi tare da hantsi.

Da la'asar muka isa wurin Baffa. Da aka buɗe, kwalaben na iyo cikin ruwa. Na tsoma hannu, na ce ai da sauran sanyi. Aka yi wa shanun allura.

Daga baya na kai wa malamina na jami'a katunan. Bai daɗe yana dubawa ba.

"Zafin inuwa ka ba ta. Ina rana? Ina salansar babur? Sau nawa aka buɗe murfin? Abin da ka tambaya shi ta amsa."

Ranar da na koma rugar, shanu na kwance, idanunsu na zubar da ruwa, ungulaye sun cika bishiyar kuka. Na durƙusa gaban Baffa na faɗa masa komai. Ban sani ba ko ya fahimci zancen katuna. Ya dube ni, ya miƙo mini igiya.

"Tashi, ɗana. Kama mu ja wannan mushen, kafin rana ta yi."

Saniya huɗu suka rage masa. Da kaka ya koma yi wa wani ɗan kasuwa kiwo a Roni, kuma a can ya rasu.