Ranar da Muka Ɗaura wa Kawu Girgije

Na ɗauki abubuwa da yawa da wayata waɗanda yau ko an tsare ni da bulala ba zan iya tuna su ba: bukukuwa, raɗin suna, saukar karatu, har da wani rago da mai shi ya nace sai an yi masa bidiyo kafin a kai shi kasuwa. Amma ranar da na ɗauki kawuna a tsakar gidansa, yana zaune ƙarƙashin wani farin yadi, ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarun nan ne da damina ta yi mana rowa sau biyu a jere. Ni ina zaune a Sabon Birni, ina ɗan gyaran waya, in an yi sha'ani kuma a kira ni ɗaukar bidiyo. Kawu, yayan mahaifiyata, yana wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Isa. Manomi ne na gidi, mutum mai tsare gida, wanda in ya ce a'a ba ya ƙara wata kalma a kai. Yana da wani ɗan ƙaramin rumbu a bayan ɗakinsa inda yake ajiye hatsin iri, kuma kowa a gidan ya san ba hannun da ke buɗe shi sai nasa.

Bayan farin farko, da bazara ta matsa, babban ɗansa ya buɗe rumbun. Wannan ɗa taubashina ne, tare muka tashi muna tsokanar juna, ni in ce masa mai kan tulu, shi ya ce mini ɗan birni maras ƙashi. Kawu ya tafi gaisuwar mutuwa wani gari, yara sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, sai ya ciro dammuna biyu ya ba matarsa ta sussuka. Da Kawu ya dawo ya ga abin da aka yi, a ƙofar zaure, gaban mutane, ya ce masa kada ya sake nuna masa fuskarsa. Washegari taubashi ya bi motar 'yan kasuwa zuwa Maraɗi, daga can ya wuce Agadas, ya bar mata da yara uku.

Ba a rufe wata biyu ba Kawu ya yi nadama, sai dai maganar ta riga ta yi nisa. Ya aika da saƙo ta bakin 'yan kasuwar da ke zuwa can, taubashi ya ce su ne suke gyara zance don su faranta masa. An gwada haɗa su ta waya, aka ɗauki tsohon a babur zuwa kan wata jigawa inda ake samun sabis. To Kawu kunnensa ya yi nauyi, in ya riƙe waya sai ya ɗauka dole muryarsa ta isa Agadas da ƙafarta. Ya daka wa wayar tsawa, “Ka taho gida!” Taubashi ya ji kamar sammaci, ya kashe. Shi a ransa uba ya yi masa baki, kuma ba zai tako gidan ba sai ya tabbata an janye. Haka aka kusa shekara guda, ƙafafun Kawu suna ƙara kumbura, Inna matarsa tana ramewa da tunani.

Inna ce ta aiko a kira ni. Ta ce tunda fuska aka hana taubashi nunawa, to a aika masa da fuskar uban ya gani da idonsa.

Na tafi ina jin kaina, wai ga gwani ya zo. A lokacin hanya ba daɗi saboda 'yan bindiga, ba a fita sai hantsi ya ɗaga, kuma dole mutum ya juyo kafin la'asar, saboda haka da tsakar rana na isa. Gidan ba inuwa ko ta tsayuwar akuya. Bishiyar tsakar gida an sassare rassanta an ba dabbobi, karan rumfa ma an sauke an ba su, dirkokin kawai ke tsaye guda huɗu. Ɗakin Kawu kuwa ba taga, na gwada ciki wayar ba ta ga komai ba sai farin gemu. Ban damu ba. Ilimina a lokacin bai wuce cewa haske shi ne hoto ba, in ya yi yawa ma ya fi. Na sa aka shimfiɗa masa buzu a fili, rana tana dukan tsakar kansa, na ce Kawu bismilla. Ya yi magana mai kyau, mai taushi, wadda ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Na koma da murna, da na biya Isa na sami sabis na tura.

Amsar ta zo da muryar taubashi, ba wasa a cikinta ko kaɗan.

“Ɗan birni, kai ma da kai za a yi mani haka? Ka dubi huskag ga da kyau. Hushi shikai. Ku kunka matsa mai ya hwaɗi abin da ba shi ga zuciya tai. Ni na san Baba.”

Raina ya ɓaci, har na fara haɗa zagin da zan mayar masa. Sai na ce bari in sake kallo, na kashe sautin. Ga tsoho ya haɗe gira, ya ƙanƙance ido, goshi duk ya tattare. Idanun ma ba a ganin su, ramuka biyu ne baƙaƙe, inuwar hanci ta sauko ta raba bakin biyu. Ni da nake wurin na san rana ce yake yaƙi da ita. Wanda yake Agadas, wanda rabonsa da wannan fuska tun ranar da aka kore shi, ba abin da zai gani sai ranar nan ta dawo. Na je gyara, na ƙara ɓatawa, kuma laifin nawa ne ba na kowa ba.

Kwana uku ina juya abin. Sai na tuna wani suna da na ɗauka da daminar da ta wuce, ranar da hadari ya haɗu fari fat ya rufe rana, kowa yana ɗaga kai, ya kuma watse ko ɗigo bai sauke ba. Manoma sun yi ta tsaki, amma bidiyon ranar ya fi duk wanda na taɓa yi kyau. Fuskoki sun fito sumul, har kakar jaririn sai da ta tambaya ko ita ce. Ashe girgijen ne ya tsaya tsakaninmu da rana, ya tace hasken ya baza shi ko'ina. Na ce to abin da nake nema ke nan, girgije, kuma tunda sama ta hana sai mu ɗaura namu.

Na koma ƙauyen ranar da na samu abokan tafiya. Na yi wa Kawu bayani, ya saurara. Muka fara da gidan sauro, muka ɗaura a kan dirkokin rumfa. Shuɗi ne, ga huji ko'ina, sai Kawu ya fito kamar wanda aka tsoma a marina. Muka kwance. Buhunan hatsi kuwa ba abin da ya fi su yawa a gidan, duk wayam, na farke biyu na haɗa. Rubutun jikinsu ja da kore ya sauko masa a goshi, ga kauri, wurin ya yi duhu. Mayafan Inna duk masu duhu ne. Na tambayi farin zanen gado, ta yi wata 'yar dariya ta ce wanda take da shi tun bara ya zama tuwo. Rana tana tafiya, zufa tana bin bayana, na fara tunanin in haƙura.

Duk abin nan Kawu yana zaune bakin ƙofa yana kallona kamar mai kallon wasan yara. Can ya ce, “Wai kai, mi kaka biɗa takamaimai?”

Na ce farin ƙyalle, babba, marar kauri, wanda ba zane a jikinsa.

Ya juya wajen Inna. “Tahi ki buɗe adaka, can ƙasa. Ɗauko shi.”

Inna ta tsaya cak. “Malam, wane irin zance na wanga? Ba ni ɗauko shi.”

“Shekara nawa shina kwance ba ya aikin komi? In ya jira ni har yau, ya iya yi man aiki guda tun ina da rai. Ɗauko.”

Sai da ta fito da shi a rungume, ƙamshin kanumfari yana tashi, na gane abin da ake nufi. Likkafaninsa ne. Farin alawayyo, ba a yanka ba, ya saya tun wata shekara da aka yi albarka, ya ajiye kamar yadda tsofaffinmu suke yi. Na ce Kawu a bari, zan nemo wani yadin a birni in dawo. Ya ce da wace hanyar, kuma wa ya ba ni tabbacin zan tarar da shi? Inna ta ce in dai sai an yi, to ba zan taɓa shi da wannan hannun nawa mai baƙin mai ba. Ta zubo mini ruwa a buta, a lokacin da ruwa yake da tsada, na wanke har gwiwar hannu.

Muka ɗaure kusurwa huɗu da igiyar kaba a kan dirkokin. Da farko na ninka shi biyu, hasken ya yi rauni, na warware ya zama falle ɗaya. Kawu ya shiga ƙarƙashi ya zauna a kan buzunsa. Ina duba wayar na ga girar nan ta saki, goshin ya kwanta, idanun sun buɗe. Saura 'yar inuwa ƙarƙashin gira da haɓa. Na karɓi tiren Inna mai ƙyalli don in mayar da haske daga ƙasa, sai ya haske masa ido, ya ce in kawar da wannan madubin. Inna ta shiga ta fito da murfin wani babban farin kwano na aurenta, ta durƙusa gefe ta riƙe shi a karkace. Shi ba ya walƙiya, haske kawai yake mayarwa a hankali. A karo na farko a rayuwata na lura idanun Kawu ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne, irin na mahaifiyata.

Bai yi doguwar magana ba. Ya kira ɗan nasa da sunan da yake kiransa tun yana yaro, ya ce, “Ni nic ce kar ka koma nuna man huska. Na janye. Ga tawa na nuna maka. Hatsin da kaɗ ɗiba, jikokina sunka ci, ba wani ya ci ba. Tsoro na yas sa ni magana, ba ƙiyayya ba. Na yahe maka duniya da lahira, kai ma ka yahe man. Ka taho gida.” Na tsayar da ɗaukar, Inna ta sauke murfin kwanon.

Da muna kwance igiyoyin ya riƙo hannuna ya ce kada in kuskura in gaya wa taubashi ko mene ne muka ɗaura. Ba ya son ya dawo don tausayi ko tsoron mutuwa, so yake ya dawo don ya yarda. Na yi masa alkawari.

Na tura da yamma kafin in shiga gida. Wannan karon ba a amsa da murya ba, kalma biyu ya rubuto: ina tahe. Bayan kamar mako uku ya sauka a motar 'yan kasuwa, ya rame ya yi baƙi. Na ce masa kan tulun dai bai ragu ba, ya ce ni ma har yanzu ba ƙashi. A gabana ya durƙusa wa Kawu, tsohon ya ɗora masa hannu a ka, ya tambaye shi hanya, shi ke nan. Da aka sami ruwa shi ya yi shukar shekarar, da irin da ya rage a ƙaramin rumbun, kuma Kawu da kansa ya ce ya buɗe.

Kawu ya ƙara damina biyu. Ranar da ya rasu, da hantsi, Inna ta miƙo yadin, ni da taubashi muka warware shi a zaure don a yanka. Kusurwoyin nan huɗu suna nan a tattare, kowace da zoben ja-ja inda igiyar kaba ta ci. Taubashi ya ɓata rai ya ce wa ya yi wasa da likkafanin Baba? Na ga alkawarin ya kai iyakarsa, na gaya masa. Ya daɗe yana murza kusurwa ɗaya a tsakanin yatsunsa. Mai yankan ya ce bari ya cire wuraren da suka yi tabo. Taubashi ya ce a'a, a bar su, da su za a rufe shi. Sai a lokacin ya yi kuka, ni ma na kasa riƙe nawa.

Har yau ina ɗaukar bidiyo, kuma kullum akwai farin ƙyalle yadi biyu a jakata, na kasuwa ne, ba na kowa ba. Abin da ranar nan ta koya mini ya wuce sana'a. Maganar da Kawu ya yi a bidiyon farko da ta biyu kusan ɗaya ce, kuma duka gaskiya ya faɗa, amma ta farko ta ƙara korar ɗansa, ta biyu ta dawo da shi. Tun daga nan, in ina da gaskiyar da zan gaya wa wanda nake ƙauna, nakan tsaya in duba da wace fuska za ta isa gare shi. In kuma na ga mutum ya haɗe mini gira, ba na saurin cewa fushi yake yi da ni, sai na fara duba ko rana ce take dukansa.